Gefen Babbar Riga a Bakin Ƙofa: Nazarin Yadda Jirgi Ya Ƙwace wa Wani Matuƙi Yayin Tashi a Kwarin Haɗejia

Shimfiɗa

Gonar shinkafa ce babba a kwarin Haɗejia, jihar Jigawa, wadda ake nomawa rani da damina. Mai ita dattijo ne ɗan kasuwa mazaunin Kano, kuma ya sayi ƙaramin jirgin sama ne saboda buƙata biyu: zirga-zirga tsakanin birni da gona, da leƙen wuraren da tsuntsayen jan-baki ke kwana a cikin kachala tun kafin su far wa shinkafa. An bar sunan gonar da na mutanen da abin ya shafa, domin abin da ya faru shi ne abin dubawa.

Jirgin samfurin Cessna 172S ne, mai inji ɗaya da kujeru huɗu, kuma nauyin da aka yarda ya tashi da shi bai wuce kilo 1,157 ba. Ana auna gudunsa da not, wanda ɗayansa ya yi daidai da kilomita 1.852 a awa. Littafin jirgin ya ce a ɗaga tayar gaba a not 55, a hau sama a wajen not 74 idan ana son hawa mafi sauri. Idan kuwa hanci ya ɗagu fiye da kima har gudu ya faɗo wajen not 48, fiffike yakan daina riƙe iska, jirgi ya rikito ko da inji yana aiki lafiya. Wannan shi ne abin da matuƙa ke kira sitol, kuma akwai ƙahon gargaɗi da ke yin kuka da not 5 zuwa 10 kafin a kai gare shi.

Titin tashin na jar ƙasa ne da aka daddaɓe, tsawonsa mita 900, ya miƙe daga yamma zuwa gabas, a bisa tudun da ya ɗara teku da kimanin ƙafa 1,200. Burtalin shanu ya gitta kusa da ƙarshensa na gabas, bayan burtalin kuma sai fangalan shinkafa. Matuƙin matashi ne ɗan shekara 29, yana da lasisinsa da takardar lafiyarsa, ya tara awa 420 a sama, kusan dukkansu a filayen kwalta masu shinge da hasumiya. Ya kama aiki a gonar a watan Janairu. Shi ke zama a kujerar hagu, Alhaji mai gonar a ta dama kusa da shi, manajan gona kuma a baya.

Fabrairu: taya ta sauka daga titi

Da ƙarfe 7:15 na wata safiyar Fabrairu, jirgin yana gudu a ƙasa ya kai wajen not 35, sai Alhaji ya nuna wani injin ban-ruwa ta taga ya tambayi tun yaushe yake a kashe. Matuƙin ya juya ya dubi inda aka nuna, ya amsa. Jirgi mai farfela ɗaya a gaba yana da halin karkata hagu idan an ba shi wuta gaba ɗaya, saboda haka dole ƙafar dama ta zauna daram a kan fedar da ke karkata hancin jirgi dama tun daga farkon gudu har a hau sama. Da ya juya ƙafar ta sassauta, jirgin ya ja hagu, tayar hagu ta shiga rairayin gefen titi. Ya janye totur, ya taka birki, suka tsaya ba tare da wani abu ya lalace ba.

A littafin aiki an rubuta cewa iskar hunturu ce ta buso daga gefe. Manaja ya manna takarda a cikin jirgin mai cewa a kashe waya kuma a rage magana lokacin tashi. Takardar ta zauna a wurinta, amma ba a sami wanda zai karanta wa Alhaji ita ba, shi ma matuƙin bai taɓa nuna masa ita ba. Da aka tambaye shi dalili daga baya, ya ce Alhaji sa'an mahaifinsa ne, shi ke biyansa albashi, kuma bai san kalmar da zai yi amfani da ita ya ce wa dattijo ya yi shiru a cikin jirginsa ba.

Maris: awaki a bakin burtali

A tsakiyar Maris, jirgin yana gudu a not 45, wani yaro ya fito da awaki daga burtali ya tsaya a gefen titi. Bai shiga ba, amma idon matuƙin ya tsaya a kansa, hannunsa kuma ya ja sitiyari kafin lokaci. Jirgin ya rabu da ƙasa a wajen not 50, ƙahon gargaɗi ya yi ɗan kuka, ya yi ta shawagi dab da ƙasa har gudu ya taru sannan ya hau.

Matakai biyu aka ɗauka. Manaja ya zauna da mai unguwa da arɗo, aka amince cewa masu gadi biyu za su tsaya da jar tuta a bakin burtali duk lokacin da jirgi zai tashi ko zai sauka, kuma daga ranar ba a ƙara ganin dabba a gefen titi ba. Na biyu kuwa, an faɗaɗa takardar dubawa da matuƙi ke bi kafin tashi daga layi 14 zuwa layi 26. Tsawon nata ya sa ya koma karanta ta a gurguje yayin da jirgi ke gangarawa zuwa bakin titi, don kada a ce ya tsayar da Alhaji cikin zafi. Layin da ke cewa a duba ƙofofi yana can a farko-farko, wato yakan wuce shi tun Alhaji bai gama gyara zama ba.

Afrilu: daƙiƙa goma sha ɗaya

An shirya tashi zuwa Kano da ƙarfe 7:00 na safe, amma baƙi suka riƙe Alhaji, ba a shiga jirgi ba sai bayan sallar Azahar, da ƙarfe 2:10. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 39. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka inji da farfela da fiffike duk sukan yi aiki tamkar an ɗora filin a kan dutse. Lissafin da matuƙa ke yi shi ne a ƙara ƙafa 120 kan kowane digiri da zafi ya ɗara na ƙa'ida, kuma da wannan lissafi filin mai ƙafa 1,200 ya zama kamar mai ƙafa 4,400 a wannan rana. Mutum uku ne a ciki da kayansu da mai, nauyi ya kai wajen kilo 1,100.

Manaja yana ɗaukar bidiyo da wayarsa daga kujerar baya, kuma daga wannan bidiyo aka ƙidaya abin da ya biyo baya. Jirgin ya rabu da ƙasa bayan ya ci kimanin mita 520. Yana ƙafa 60 daga ƙasa, gudunsa not 65, sai ƙofar dama ta ɓalle da ƙara kamar an fasa buhu. Iska ta cika ɗakin, takardu suka tashi, gefen babbar rigar Alhaji ya riƙa kaɗawa a waje. Alhaji ya yi salati ya ce, “Kyaftin, ƙofa! Ƙofa ta buɗe!”

A daƙiƙa ta biyu matuƙin ya saki totur ya miƙa hannun dama ta gaban Alhaji yana lalubar mariƙin ƙofa. Da ya kwanta dama, hannun hagu da ke riƙe da sitiyari ya biyo jikinsa baya, hancin jirgi ya ɗagu. Ƙafarsa ta bar fedar dama. Totur ɗin da aka saki ya ɗan zame baya, domin ba a ɗaure zoben da ke riƙe shi da kyau ba. Ya ja ƙofar sau biyu ba ta kama ba. A daƙiƙa ta bakwai ƙahon gargaɗi ya soma kuka, allurar gudu tana wajen not 52, fiffiken hagu ya fara sunkuyawa. A nan ya saki ƙofar, ya tura hanci ƙasa, ya taka fedar dama, ya mayar da totur. Fiffiken ya daidaita, sai dai babu sauran tazarar da gudu zai dawo a cikinta. A daƙiƙa ta goma sha ɗaya jirgin ya dira a cikin fangalin da aka riga aka yanke shinkafarsa, kimanin mita 150 bayan burtali, tayar gaba ta daki gaɓar fangali ta karye, farfela ta tone ƙasa.

Su ukun suka fito da ƙafafunsu. Alhaji ya gurɗe a wuyan hannu, manaja ya fashe a goshi. An kai rahoto ga hukumomin da doka ta ɗora wa alhakin, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, da hukumar binciken haɗurra, NSIB. Abin da ke cikin wannan rubutu nazarin cikin gida ne da gonar ta sa aka yi.

Abin da aka tarar a jikin jirgi da cikin littafinsa

Injiniya ya duba sakatar ƙofar bai sami lahani a jikinta ba. Ya sami zaren shadda a maƙale a bakin ƙofar ta ƙasa. Gefen riga ya shiga tsakanin ƙofa da jikin jirgi, ƙofar ta rufu a ido, amma sakatar ba ta shige raminta ba, mariƙin ciki kuma ba a tura shi gaba ya kwanta yadda ake kulle shi ba. Inji ba shi da matsala kafin ya taɓa ƙasa. An duba layin dogon da kujerar matuƙi ke tafiya a kai, domin zamewar kujera baya yayin tashi sanannen abu ne a wannan dangin jirage, har hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta duba shi a kai a kai tun 1987, amma kujerar tana a kulle.

Ƙofar wannan jirgi a gaba take da maɗauri, don haka idan ta buɗe a sama iskar tafiya takan danne ta, ta tsaya a ɗan buɗe, faɗin 'yan yatsu. Littafin jirgin ya faɗa ƙarara cewa buɗewar ƙofa a sama ba ta ma wajabta sauka, abin yi shi ne a daidaita jirgi a wajen not 75, a ɗan tura ƙofar waje, sannan a jawo ta da ƙarfi a kulle. A not 65 jirgi yana cin mita 33 a kowace daƙiƙa, wato a cikin daƙiƙa biyar ɗin da idon matuƙin ya yi a kan ƙofa sun yi tafiyar mita 165 babu mai duban gaba.

Mayu da Yuni: sanin amsa da miƙa hannu

Duk farfelar da ta daki ƙasa tana juyawa, sai an kwance injin an duba cikinsa, saboda haka jirgin ya tafi gyara na watanni. Shawarar farko da aka bayar ita ce a sallami matuƙin. Alhaji ya ƙi, ya ce yaron ya fito da shi da rai. Aka yi odar sabuwar sakata duk da tsohuwar lafiyarta ƙalau, aka ƙara layi huɗu a takardar dubawa, aka kuma ba matuƙin takardar gargaɗi cewa ya riƙa mai da hankali.

Sai aka ɗauko wani tsohon malamin tuƙi daga Zariya, garin da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta ƙasa take tun 1964, ya gwada shi a wani jirgi irin wancan da aka yi haya. A ƙasa ya tambaye shi abin da ake yi idan ƙofa ta buɗe yayin tashi, matuƙin ya ba da amsar littafi ba gargada. Suka hau ƙafa 3,000, malamin ya sa shi ya ba da wuta gaba ɗaya ya ɗaga hanci kamar mai tashi, sannan ba zato ya ɓalle tagar gefensa. Cikin daƙiƙa biyu hannun matuƙin ya bar totur ya nufi tagar, gudu ya ragu da not 8. Suka sauka, suka tattauna, suka sake hawa washegari, malamin ya ɓalle tagar a wani lokaci dabam, hannun ya sake tafiya. A karo na uku ya kai rabin hanya sannan ya dawo da shi. Malamin ya rubuta cewa takardar gargaɗi da ƙarin layuka ba su taɓa abin da ya kayar da jirgin ba, tunda mutumin ya san daidai tun kafin hatsari, hannunsa ne yake riga saninsa isa.

Yuli da Agusta: abin da aka canza

Malamin ya fara da hannun. Suka yi hawa shida, jimillar awa 7 da rabi, kuma a kowane hawa yakan ɓullo da abin raba hankali ba tare da sanarwa ba: ya buɗe taga, ya ɓalle ƙofa, ya yar da biro tsakanin fedoji, ya sa waya ta yi ƙara, ko ya kira sunan matuƙin da ƙarfi yana nuna ƙasa. Abin da aka ɗora wa matuƙin shi ne da zarar ya ji wani baƙon abu ya furta kalmomi uku a bayyane, “hanci, gudu, ƙafa”, yana duban kowanne, kafin ya yarda ya kalli abin da ya yi ƙarar. An fara a ƙafa 3,000, sai da hannun ya daina motsi sau biyar a jere sannan aka sauko da gwajin zuwa tashi na gaske a doguwar kwalta. A hawa na shida suka zagaya fili da ƙofa a buɗe har suka sauka, don kunnensa ya saba da ƙarar, ya kuma gani da idonsa cewa jirgin yana tafiya lafiya a haka.

Daga nan aka koma titin gona. Akwai ƙa'idar da matuƙan ƙananan filaye ke bi, cewa idan an ci rabin titi gudu bai kai kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, a fasa. Aka shafa wa tsohuwar tayar tarakta farin fenti aka ajiye ta a mita 450, kuma gudun da ake nema a wurin shi ne not 39. Kafin ya ba da wuta, matuƙin zai faɗa da bakinsa cewa duk abin da ya faru tayoyi suna ƙasa zai janye totur ya tsaya, duk abin da ya faru bayan an rabu da ƙasa kuwa, in dai ba inji ne ya mutu ba ko wuta ta tashi, ba zai taɓa shi ba sai an kai ƙafa 1,000. Takardar dubawa aka mayar da ita layi 15, aka ware huɗu na ƙarshe, ciki har da ƙofofi da zoben totur, waɗanda ba a karantawa sai jirgi yana tsaye cik a bakin titi. Matuƙin ne da kansa zai zagaya ya tattara rigar fasinja da wutsiyar bel ya rufe ƙofa, ya kuma taɓa mariƙin da hannunsa bayan ya shiga. Aka hana tashi da mutum uku idan zafi ya wuce digiri 35.

Saura maganar shiru, wadda ta gagara tun Fabrairu. A manyan jiragen haya na Amurka doka ce tun 1981 cewa matuƙa ba sa hirar da ba ta aiki ba a ƙasa da ƙafa 10,000, dokar da ta biyo bayan haɗurra irin na jirgin Eastern Air Lines da ya faɗi kusa da birnin Shalot a ranar 11 ga Satumba 1974, matuƙansa suna hirar siyasa da motoci, mutum fiye da 70 suka mutu. Ƙaramin jirgi ba shi da bango tsakanin matuƙi da fasinja, kuma waya ta ƙara dagula lamarin. A ranar 31 ga Mayu 2014 wata Cessna 150 ta faɗi da dare jim kaɗan bayan tashi a jihar Kolorado, mutum biyu suka mutu, masu bincike suka ce da alama ɗaukar hoto da waya ya raba hankalin matuƙin. Malamin ya san waɗannan duka, ya kuma san cewa ɗan shekara 29 ba zai kafa wa uban gidansa doka ba. Shi da yake tsaran Alhaji ne, sai ya je gidansa a Kano bayan La'asar, ya nuna masa bidiyon yana tsayar da shi daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya ce, “Alhaji, taura biyu ba ta taunuwa. Kai ma da yana maka magana kana ƙirga kuɗi, da ka tsawata masa.”

Suka tsayar da cewa Alhaji ne zai riƙa jan addu'ar hawa abin hawa a bakin titi, bayan an karanta layuka huɗun nan. Da an shafa, wayoyi sun shiga aljihu, babu mai magana har sai matuƙi ya ce “Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe” a ƙafa 1,000. Wanda ya ga hayaƙi ko wani jirgi ko ungulu a gaba ne kawai zai iya katse shirun. Ta haka umarnin ya zama daga bakin babba yake fitowa, matuƙi kuma bai ce wa kowa ya yi shiru ba.

Satumba da Oktoba: sakamako

Jirgin ya dawo a makon farko na Satumba da sabuwar farfela da tayar gaba, daidai lokacin da shinkafar damina ta fara nuna, jan-baki kuma suka fara taruwa. Zuwa ƙarshen Oktoba an tashi sau 41 daga titin gona. Sau ɗaya matuƙin ya fasa tashi a wajen farar taya, bayan ruwan dare ya jiƙa jar ƙasar, gudu ya tsaya a not 33. Sau ɗaya kuma, wani ma'aikaci ya sake buɗe ƙofa don karɓar saƙo bayan an rufe ta, wutsiyar bel ta fita waje, da aka tashi ƙarfenta ya riƙa dukan jikin jirgi kamar ana buga guduma. Matuƙin ya furta kalmominsa uku, ya hau ƙafa 1,000 a not 74, ya duba ma'aunan inji ya ga lafiya, ya zagayo ya sauka bayan minti shida.

Hukunci

Gefen riga ne ya buɗe ƙofar, amma ƙofa a buɗe ba ta kayar da wannan jirgi, kamar yadda littafinsa ya faɗa kuma hawa na shida ya tabbatar. Abin da ya kayar da shi shi ne daƙiƙa biyar da aka bar hanci da feda da totur babu mai kula da su, a ranar da zafi da nauyi suka riga suka cinye rarar gudun da za a iya yin kuskure a cikinta. Abubuwan Fabrairu da Maris wannan ciwo ne ya nuna kansa sau biyu, kuma rubuta “iska” a littafin aiki a karon farko shi ne kuskuren da ya fi tsada, domin ya sa aka yi ta maganin awaki da sakata.

Masu gadin burtali sun yi amfani, sai dai abu ɗaya suka kawar daga cikin abubuwan da ba su ƙidayuwa. Doguwar takardar dubawa ta yi ɓarna a fili, tunda ita ta tura layin ƙofofi zuwa lokacin da ba a gama shiga ba. A ganina atisayen malamin ne ya fi kowane mataki nauyi, shi ne kaɗai ya yi aiki ranar da bel ya fita waje duk da an bi sauran matakan. Shirun bayan addu'a yana biye da shi, kuma ya tsaya ne saboda an ɗora shi a wuyan wanda ake jin nauyinsa.

Tashi 41 bai isa a ce an warke ba. Shirun yana rataye da kasancewar Alhaji a cikin jirgi, kuma a ƙarshen Oktoba, da aka ɗauki wani baƙo mai sarauta shi kaɗai, ya yi magana tun daga bakin titi har ƙafa 1,000, matuƙin yana amsa masa da “ranka ya daɗe” idonsa a kan allurar gudu. Malamin ya nemi a riƙa maimaita atisayen duk wata shida, wanda zai kama a watan Fabrairu, kuma har aka rufe wannan nazari manaja bai sa kuɗin hayar jirgin gwajin a cikin kasafin noman rani ba.